KUN KULLE ƊAKIN KWAMFUTA, SANNAN KU CE NI KE LALATA YARA

Rubutun nan yana da tsawo, mai sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba. Amma duk wanda ya turo min saƙo a kan hoton da na saka ranar Asabar, shi kam ina roƙonsa ya karanta har ƙarshe kafin ya sake cewa komai.

Hoton ba wani abu ba ne. Yara bakwai ne a zauren gidana a Tambuwal sun kewaye wata tsohuwar laftof, ɗaya yana buga Pac-Man, sauran suna ihu suna nuna masa hanya. Shi ke nan fa. Washegari Lahadi na je ɗaurin aure Kebbe, ana gama shafa fatiha sai wani dattijo abokin mahaifina, tsohon hedimasta, ya riƙo hannuna ya ja ni gefe. Ya ce: "Ashe kai ne ka tara ɗiyan mutane zaure kana koya musu wasan banza? Da iliminka da komi? Mi yak kai ka ga wanga aiki?" Na sunkuyar da kai na ce, "Allah shi ba ka haƙuri Baba." Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, don ba a haka aka rene mu ba, kuma wurin ba wurin gardama ba ne. To amma ba shi kaɗai ba ne. Saƙonnin da na samu sun fi goma, wasu daga abokan aiki masu digiri irin nawa, wani har da cewa na buɗe wa yara ƙofar caca. Su kam tsarana ne, zan ba su amsa yadda ya kamata.

Bari in fara da abin da ya kai ni ga wannan aiki, tunda shi Baba ya tambaya.

Bara ɗiyar yayana ta zauna jarrabawar JAMB. Yarinyar nan tun daga aji ɗaya na sakandare ba ta taɓa wuce ta uku ba. Ta haddace littattafanta kamar karatun allo. Na ɗauke ta da kaina tun asuba munka kama hanyar Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 100, muna tafe tana yi min bitar Biology. Da ta fito daga ɗakin jarrabawa ko magana ba ta iya yi. Sai da munka wuce Boɗinga a hanyar dawowa ta buɗe baki. Wai da ta zauna gaban kwamfuta hannunta ya kama rawa. Ba ta san inda za ta rubuta lambarta ba. Da ta taɓa wani abu fuskar ta sauya, sai ta ɗauka ta lalata na'urar gwamnati, ta ɗaga hannu tana jiran mai kula da ɗaki, agogo kuwa yana tafiya. Tambaya 180 ce cikin awa 2. Wanda ya ɓata minti ashirin yana tsoron maɓalli, ku lissafa min abin da ya rage masa.

Wannan ba laifin masu shirya jarrabawa ba ne. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, ba jiya aka fara ba. Har sauƙaƙawa sun yi: ba dole sai ka iya riƙe linzamin kwamfuta ba, da haruffa kaɗan za ka gama, A, B, C, D na zaɓen amsa, N ka je tambaya ta gaba, P ka koma baya, S ka miƙa. Amma wanda bai taɓa ɗora yatsa a kan kibod ba, ko harafi ɗaya ne dodo ne a wurinsa. Abin da ya fi ƙona min rai, makarantar da yarinyar nan ta yi shekara shida a cikinta TANA DA ɗakin kwamfuta. Akwai shi, da allon suna a bakin ƙofa da ƙaton kwaɗo. Ta ce sau ɗaya ta taɓa ganin cikinsa, ranar da manyan baƙi suka zo, aka zaɓi ɗalibai masu tsabtar yunifom aka zaunar gaban na'urori a kashe aka ɗauki hoto.

Da na dawo gida na kasa barci. Ina da wata laftof da na saya tun ina sabon ma'aikaci, batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta take tashi. Na fara gwada koya wa yaran gida buga rubutu a kanta. Kwana uku suka gudu. Wa zai zauna yana buga "asdf" bayan ya dawo daga boko ya dawo daga Islamiyya? Sai na tuna da kaina. Ni me ya fara sa ni na daina tsoron na'ura? Gem ne. Wallahi gem ne. Lokacin hutu in an tura mu wurin dangi cikin birni, da kuɗin ƙosai muke zuwa gidan gem mu buga Sega, a gidan wani maƙwabci kuma akwai irin na'urar nan mai kaset ruwan ɗorawa, mai Mario da Contra da bindigar harbin agwagwa. An sha zane ni a kan haka. Amma ranar da na fara zama gaban kwamfuta a jami'a, ni ban ji ɗar ba, alhali na ga ƙato mai gemu yana riƙe linzami da hannu biyu kamar zai cije shi.

Ga waɗanda ba su san abin da ake magana a kai ba: kafin gem ya shiga gidaje da wayoyi, a cikin akwati yake. Akwatin katako ne mai tsayin mutum, da talabijin a jikinsa, da ɗan sanda na juyawa, da maɓallai, da wata 'yar kafa da ake jefa kwabo. Ka jefa ka buga, in ka mutu ka sake jefawa. A 1972 kamfanin Atari na Amurka ya fito da Pong. A 1978 Taito na Japan ya fito da Space Invaders. A 1980 Namco ya fito da Pac-Man, wanda Toru Iwatani ya tsara, shekara ta zagayo suka kawo Galaga. Street Fighter II na Capcom 1991 ne, Metal Slug kuma 1996. Mu nan ba mu ga akwatunan sosai ba, kwafinsu na na'urorin gida ne ya fi iso mana. Su akwatunan kuwa sun tsufa, sun ruɓe, an zubar da mafi yawansu.

Sai wani Ba'italiye mai suna Nicola Salmoria ya fara wani aiki da ya fito a farkon 1997, manhajar da ake kira MAME. Abin da take yi shi ne kwaikwayo. Kun san mai kwaikwayon murya, wanda zai yi maganar wani har ka waiwaya ka ɗauka shi ne? To haka take sa kwamfutarka ta kwaikwayi kayan cikin wancan akwati, gem ɗin ya ɗauka a gidansa yake, ya tashi ya yi aiki kamar a 1980. Shi kuma gem ɗin kansa, wato abin da aka kwafo daga 'yan ƙananan ƙwaƙwalen da ke jikin allon akwatin, shi ake kira ROM. Manhajar kyauta ce, masu aikin sa-kai daga ƙasashe da yawa ke ci gaba da gina ta har yau, kuma su da bakinsu suna cewa manufarsu adana tarihi ce, buga wasan riba ce a kai.

Yadda ake farawa ba shi da wuya, kuma da gangan zan faɗa a nan don a ga babu wani asiri a ciki. Ka je shafin masu manhajar na ainihi, mamedev, ka sauke ta. Kada ka yarda da shafukan nan masu maɓallin saukewa guda biyar kowanne yana ƙyalli, nan ake kwaso cutar kwamfuta. Ka buɗe ta a cikin folda guda, za ka ga wata folda a ciki mai suna roms. Nan ake zuba gem, a ƙunshe yadda ya zo cikin zip, kada ka warware shi. Wannan shi ne kuskuren farko da kowa ke yi, ni ma na yi. In ka tashi manhajar ka zaɓi gem, ka danna 5, ka jefa kwabo ke nan. Ka danna 1, wasa ya fara. Maɓallan kibiya su ne tafiya, Ctrl da Alt su ne harbi da tsalle a mafi yawan wasanni, Tab zai buɗe maka wurin sauya maɓallai, Esc ka fita. In kana da hannun gem mai USB irin na kasuwa, jona shi kawai.

Abu biyu ne za su iya ba ka ciwon kai. Wani lokaci gem zai ƙi tashi ya ce wasu fayiloli sun ɓace. Galibi ba ɓacewa suka yi ba, ROM ɗin ne na wani fitowar MAME daban, don masu aikin suna gyara kwafin in sun samu wanda ya fi inganci, sai tsoho ya daina dacewa da sabuwar manhaja. Wasu kuma, irin Metal Slug da King of Fighters, a kan na'ura guda ake ɗora su mai suna Neo Geo, sai ka ajiye fayil ɗin ita na'urar, neogeo, a folda ɗaya da su kafin su tashi. In kuma laftof ɗin ta tsufa ƙwarai sabuwar MAME ta ƙi ta, tsofaffin fitowa suna nan a shafin. Kada ƙarfin kwamfuta ya dame ka a kan wasannin farko. Injin da ke cikin akwatin Pac-Man, Z80, gudunsa wajen megahaz 3 ne. Laftof ɗin da ka jefar a ƙarƙashin gado tana gudu ɗaruruwan ninkin haka. Ba data, ba intanet bayan ka sauke, ba talla.

Yanzu ku duba abin da yaro ya yi kafin ya kai ga buga wasa. Ya kunna kwamfuta. Ya nemo folda. Ya san bambancin fayil da folda. Ya kwafa daga filashi ya zuba a inda ya dace. Ya karanta saƙon kuskure da Turanci ya gane abin da ake nufi. Ya nemo Ctrl da Alt da Tab da Esc ba tare da an nuna masa sau biyu ba, domin yana so. Dokata a zaure ita ce ban kunna wa kowa, ban gyara wa kowa. Wanda ke son wasa shi zai tada na'ura, in ta ƙi shi zai nemo dalili. Cikin wata biyu ƙaramarsu, 'yar shekara tara, ita ke sauya wa yayyenta maɓallai. Ku nuna min darasin "Computer Studies" da ake rubutawa a allo da alli, a zana linzami a ce yara su kwafa a littafi, wanda ya taɓa yin wannan.

Kuma wasannin nan ba shirme ba ne kamar yadda ake zato. A Pac-Man dodanni huɗu ne ke bin ka, kuma ba hali ɗaya gare su ba. Ja kai tsaye yake bin bayanka. Mai ruwan hoda ba inda kake yake nufa ba, gabanka yake hara don ya tare ka. Ban faɗa wa yaran ba. Wani ɗan maƙwabcina ne ya zo ya ce, "Kawu, wanga mai hoda wayo garai, tarbe yaka yi." Ya lura, ya gwada, ya tabbatar, ya sauya dabara. Me ake kira wannan in ba tunani ba? Da na ba su labarin cewa wasan yana rikicewa a mataki na 256, rabin fuska ya cika da tarkacen haruffa, babbansu ya tambaye ni me ya sa 256 ba 300 ba. Nan na samu ƙofar yi masa bayanin yadda kwamfuta ke ƙirga da sifili da ɗaya, da yadda gurbi takwas ba ya iya ɗaukar lambar da ta wuce 255. Ni da na karanta wannan a jami'a don in ci jarrabawa kawai, sai ranar na ji daɗinsa.

To mu zo ga masu cewa ɓata lokaci ne. Ɗan'uwa, kai da ka rubuto min haka, na san majalisarka. Daga la'asar zuwa magariba kana kan dara ko ludo, da daddare kana gidan kallon ƙwallo kana rantsuwa a kan Arsenal. Ban ce ka yi laifi ba, ɗan Adam yana buƙatar hutu. Amma laifi tudu ne. Mu da munka tashi da langa da carafke da wasan ɓuya har dare, yaushe wasa ya zama abin kunya ga yaro? Abin da ya sauya shi ne filin wasan ya ƙanƙance. Iyaye da yawa a yankin nan, musamman ƙauyukan da ke can ciki, ba sa sakin jiki yaro ya yi nisa da gida saboda halin tsaro da kowa ya sani. Yaro yana gida, ƙarfinsa yana nan, ƙwaƙwalwarsa tana neman abin yi. In ba ka ba shi ba, zai samu. Kuma ya samu: wayar uwarsa.

A nan ne nake ganin an bar jaki ana dukan taiki. Mutumin da ya ga hoton yara bakwai a zaure, ƙofa a buɗe, babba yana zaune kusa, ya ce tarbiyya ta lalace, shi ne ɗansa ɗan shekara goma sha biyu ke kwana da waya a ƙarƙashin bargo yana zazzaga TikTok har ƙarfe biyu na dare. Bai san me yake kallo ba, bai san da wa yake magana ba. Wannan bai dame shi ba saboda ba ya ji, ba ya gani. Nawa ne abin magana saboda yana da ƙara.

Maganar caca kuwa, ita ce ta fi ba ni haushi, don a nan ne akwai haɗari na gaskiya kuma an juya masa baya. Eh, na yarda, akwatunan can an ƙera su ne don su ci kwabon mutane. Da gangan aka sa su yi wuya don ka mutu da wuri ka sake biya. Kuma na san abin da ke faruwa a wasu gidajen gem na yanzu, inda ake buga ƙwallo a PlayStation a kan sharaɗin wanda aka ci shi zai biya, daga nan a koma ɗora kuɗi a tsakani. Wannan kam hanyar caca ce, ban musa ba. Amma a zaurena kwabon maɓalli ne. Ka danna 5 sau ɗari, ko sisi bai fita aljihun kowa ba, ko sisi bai shiga aljihun kowa ba. Babu abin ci, babu abin asara sai suna a jerin masu maki. Cacar da ke cinye samarinmu tana cikin wayoyinsu, ta ƙwallo, wadda ake shiga da naira ɗari ana mafarkin miliyan. Na san ma'aikaci ɗan'uwana da albashinsa ke ƙarewa a can kafin goma ga wata. Ban ga an tare shi a wurin ɗaurin aure ba.

Ban ce babu illa ba, kada a juya min magana. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta saka jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su, wato mutum ya kasa sarrafa kansa, wasa ya danne karatu da barci da mu'amala har tsawon lokaci. Gaskiya ne. Shi ya sa nake da doka. Asabar da Lahadi ne kawai, bayan an taso daga Islamiyya. Wanda bai nuna min aikin gida a gama ba, kallo ne nasa. Ana kiran salla ake rufe na'ura ko da mutum yana gab da karya tarihi, an sha kuka a kan wannan kuma ban taɓa sassautawa ba. Mortal Kombat da ire-irensa masu fille kai da zubar da jini ban saka ba, duk da ni na buga shi ina yaro. Kuma 'yan mata suna da layinsu daidai da maza, don ɗiyar yayana ce ta jawo duk wannan, ba zan manta ba. Su ma tsofaffin wasannin suna da wani kirki da na waya ba su da shi: suna ƙarewa. Minti uku, biyar, ka mutu, ka tashi ka ba na bayanka. Na waya an gina su ne don kada ka taɓa tashi.

Akwai gaskiya guda da ba zan ɓoye ba ko da za ta rage min ƙarfin hujja, ita ce ta haƙƙin mallaka. Manhajar kwaikwayo halal ce a doka, har kotu a Amurka ta yanke haka a 2000 a shari'ar Sony da wani kamfani mai suna Connectix. Amma su wasannin suna da masu su, kuma da yawansu suna raye suna kasuwanci. Nintendo ya maka masu wani shafin raba ROM a kotu a 2018 aka ƙare a kan diyyar kusan dala miliyan 12. Mu ma muna da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023. Cewa kowa yana turawa daga filashi zuwa filashi kamar finafinai bai mai da shi daidai ba, kuma ba duk abin da ke kan laftof ɗina ne zan iya karewa a gaban alƙali ba, na faɗa. Amma akwai hanya mai tsabta. A shafin MAME akwai wasannin da masu su suka yafe a buga kyauta matuƙar ba kasuwanci za a yi da su ba, irin su Robby Roto da Gridlee da wasu na kamfanin Exidy. Namco da Capcom kuma suna sayar da tsofaffin wasanninsu a tattare ga mai iya saya. In makaranta ce za a saka wa, na kyautar nan kaɗai zan saka, kuma sun isa yaro ya koyi kibod.

Wani abu ma da wannan harka ta tsaya min a rai, ko da ya ɗan kauce daga magana. Wani bincike da wata gidauniyar tarihin gem ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin wasannin da aka taɓa sayarwa a can ba a samunsu a kasuwa yanzu. Su abin ya dame su har suna ƙirgawa, har Ba'italiye ya ba da shekarunsa don kada wasan Japanawa ya ɓace. Mu fa? Kaset-kaset na Narambaɗa da Ɗankwairo da Ɗan Anace da ke cikin akwatunan iyayenmu, da karatun malaman da sunka riga mu gidan gaskiya, da finafinan Hausa na farko-farko tun daga Turmin Danya na 1990, wa ke kwafe su kafin zafi da gara su gama da su? Yaron da ya iya kwafar fayil ya tsara folda yau, shi ne zai iya wannan aiki gobe. Wanda aka hana taɓa na'ura ba zai iya ba.

Mu dawo kan kwaɗon nan. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekara kusan ashirin, na san yadda abin yake daga ciki, don haka ba zan ɗora wa shugabannin makarantu laifin duka ba. Ana kawo kwamfutoci ne a matsayin kwangila. A yi biki, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, a rubuta su a littafin kaya, a sa shugaban makaranta ya sa hannu. Daga ranar, in linzami ɗaya ya ɓace shi za a ba takardar tuhuma. In kuwa ɗakin ya shekara biyar a kulle, ƙura ta cinye na'urorin, ɓeraye suka tauna wayoyin, babu mai tambayarsa, domin lissafi ya cika: ashirin aka kawo, ashirin ke nan. Ba a ba shi kuɗin man janareta ba, ba a sa masa sola ba, ba a turo masa malamin da ya iya ba, ko an turo an mai da shi koyar da lissafi. To wane mai hankali ne zai buɗe? Mun gina tsarin da ke hukunta wanda ya yi amfani da kaya, ya kuma sallami wanda ya bar su suka ruɓe. Mu ma'aikata mu ke rubuta rahoton "an samar da kayan aiki", mu ke sa hannu, kuma mun san ƙarya muke yi wa kanmu. 'Ya'yanmu na cikinmu kuwa mun saya musu laftof ko mun kai su makarantar kuɗi a birni. Ɗan manomin Kuchi ko Sanyinna ne zai je ya zauna gaban na'ura karo na farko a ranar da rayuwarsa ta rataya a kanta.

Kuma abin ƙaruwa zai yi. A 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar cewa WAEC da NECO ma za su koma kwamfuta. Ko an yi a kan lokaci ko an ɗaga, alƙiblar ta bayyana. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum sai ana saura mako biyu jarrabawa za ka ga an kwashi yara an kai su shagon kwamfuta a biya kuɗi a yi musu "horo" na awa ɗaya, mutum goma a kan na'ura guda.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma da gaske nake. Duk shugaban makarantar da ke da ɗakin kwamfuta a kulle a Tambuwal ko Kebbe, ya ba ni Asabar ɗaya a wata. Zan zo da man janareta daga aljihuna. Zan sa hannu a kan kowane linzami da kowane kibod, in wani abu ya ɓace a cire a albashina. Awa ɗaya ta farko yara su yi wasa, awa ta biyu su buga rubutu su gwada tambayoyin jarrabawa na baya. In bayan zango ɗaya ba a ga bambanci ba, zan dawo nan in rubuta cewa na yi kuskure, da sunana.

Baba kuma, in wani ya karanta maka wannan, Allah shi ja da ranka, ban yi don raini ba. Kai ka koya mana karatu da bulala da ƙauna, ba mu manta ba. Sai dai ina ganin ya kamata ka sani, tunda ba wanda ya faɗa maka: cikin yara bakwai da ke hoton nan, mai jar riga jikanka ne, wanda ke zaune wurin gwaggonsa a unguwarmu. Shi ke riƙe da maki mafi yawa a Galaga, kuma makon jiya shi ya buga wa gwaggon tasa takardar neman aiki da hannunsa.

Wanda ke da tsohuwar laftof a ajiye, a Tambuwal, Dogon Daji, Jabo, Sanyinna ko Kebbe, ya kawo ta ranar Asabar bayan la'asar in nuna wa ɗansa yadda zai saka da kansa. A zo da caja don Allah, tawa guda ce kuma sai an ɗaure ta da roba take kamawa.